Jinin da na binne daga gwiwar Garba

Shekara tara ke nan da muka kai Garba makwancinsa. Ni ba marubuci ba ne, wanzami ne ɗan wanzami. Amma abin da na jiyo watan jiya a wani kilinik na unguwar Gounghin ya hana ni yin shiru.

Garba aminina ne tun muna yara a nan Zongo. Mai tsaron baya ne a ƙwallo. Wata rana aka taka masa gwiwar dama, bai sake gudu ba. Duk Asabar sai ya zo rumfata ya miƙe ƙafa. In tsaga, in kafa ƙaho, in zuƙo, in juye jinin a rami in rufe da ƙasa, yadda babana ya koya mini. Mataccen jini muke ce masa.

"Wanzam, jinin da ka kwashe mini ya cika tulu, ina sauƙin?"

"To ka daina zuwa mana, gurgu."

"In na daina, wa za ka yi wa ƙarya?"

A kan kujerar roba ya ƙare sallolinsa, can ƙarshen sahu. Rashin sujada ya fi rashin ƙwallon ci masa rai.

Yanzu tawa gwiwar ce ta ƙi. Dokotoro ya ce za su ɗebi jinina a hannu, su juya shi a inji, su tace, su mayar mini cikin gwiwa da allura. Ya ce wasu na samun sauƙi, wasu ba sa samu. Na yi ta kallonsa. Ni ina binne jini, su suna mayarwa. Shin da wannan aikin ya taimaki Garba? Ban sani ba. Abin da na sani, da yana nan sai ya tara mini Zongo kaf, ya yi dariya har ya sarƙe.

Dokotoro ya ce in zo da wanda zai maido ni gida a moto, wato babur. Na ce to. Har na iso gida suna ɗaya ne ke zuwa mini, na Garba.

Kujerarsa tana nan a masallaci, ƙafa ɗaya ɗaure da waya. Ni ke zama a kanta yanzu, samarin sahu ba su ma san ta wa ce ba. Talata zan je allurar, ni kaɗai. In goshina ya sake taɓa ƙasa, Garba, addu'ar sujadar farko taka ce. Kujerar kuwa, ba mai fitar da ita ina raye.