Gwaggo Dije da kumburin ƙafata

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, yayar mahaifina, amma har yau in na ga mai ciki ƙafarta ta ƙi shiga takalmi, sai dariya ta kama ni.

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a Arewa na koma gidanmu a Mai'adua goyon cikin fari. Ƙafafuna suka kumbura suntum, fuska ma haka. Gwaggo ta rangaɗa guɗa ta ce tagwaye ne, ta shiga ɗura mini kunun kanwa. Ni kuwa kaina na sarawa, idona na ganin dishi-dishi, amma kunyar cikin fari ta ɗaure mini baki. Wadda ba ta ma yarda tana da ciki ba, ina za ta yi ƙorafi?

Wata rana ta miƙo mini ludayi, na kai hannu na damƙi iska. Ta tsura mini ido, ta ce, "Ke 'yar nan, wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Tashi, sai Daura."

A asibiti aka ce jinina ya hau, gwajin jini da fitsari kuma ya nuna ƙoda da hanta sun fara jigata, saura ƙiris jijjiga ta kama ni. Sai da Gwaggo ta yi rigima da mai ɗibar jinin, wai yana rage mini guzurin haihuwa. Aka ciro 'ya ɗaya tak, 'yar firit. Har Gwaggo ta koma ga Allah ba ta yarda ta yi kuskure ba, cewa take ɗayan ne ya fasa zuwa.

Yau 'yar firit ɗin nan ita ce da ciki. Ba ta fashin awo, a gabana take karanta sakamakon gwajin jininta a waya, ko kunya babu. Da Gwaggo na nan, salati za ta yi ta tafa hannu, sannan ta yafa gyale ta raka ta.

Na yi kewarta ƙwarai. Kanwarta ba magani ba ce, lissafinta na tagwaye ma bai fita ba, amma ta bar mana gado: a gidanmu ba a barin mai ciki ta yi shiru. Allah ya kai haske kabarinta. Da ta biye wa kunyata, da yau ni ake tunawa a wannan shafi.