Maganar da Na Sa a Bakin Yaya Bashir

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bashir, idan aka bi lissafin boko. A lissafin watannin Musulunci ta haura haka da kamar wata biyu. Na duba sau biyu kafin in rubuta, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne wani laifi da na yi masa, kuma ba na son in buɗe gyara da sabon kuskure.

Bashir yana da ɗan shago a gefen kasuwar Jega, inda yake gyaran waya yana kuma tura wa mutane fina-finai. Bayan la'asar, idan ciniki ya lafa, sai ya juyo da ƙaramar talabijin ɗinsa wajen benci, ya sa fim, yana fassara wa na zaune da bakinsa. Wanda ya fi so shi ne wani dogon jerin fina-finan Turawa na jiragen sararin samaniya da duniyoyin da ba tamu ba. Ba zan ambaci sunansa ba, don kada faɗan da zan ba da labarinsa ya biyo ni cikin jarida. Mutum biyu ba sa fashin wannan benci: Usman, manomin albasa daga Aliero, da Sani, mai kabu-kabu daga Maiyama. Ina sakandare a lokacin, kuma tare da Bashir nake ganinsu kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Da ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya, waɗannan biyu suka ɗora wa kansu wata al'ada da babu wanda ya roƙe su. Duk shekara, a makon da ya rasu, Sani zai taso daga Maiyama, ya ratsa Jega bai tsaya ba, ya je Aliero ya ɗauko Usman, su dawo tare a babur ɗaya su gaida mahaifiyarmu. Inna takan fara shirin furarsu tun kwana biyu kafin ranar. Ba ta da yawan magana a kan Bashir, amma ran da suka zo takan yi dariya da ƙarfi, abin da ba kasafai muke ji ba.

Bara kamfanin da ya mallaki wancan jerin fina-finai ya sake farfaɗo da shi, da sababbin 'yan wasa, labarin ya koma daga farko. Tsofaffin 'yan bencin Bashir suna da guruf a waya, kuma nan gardama ta tashi. Ba a daɗe ana magana kan kyan fim ɗin ba, aka koma kan kuɗi. Sani ya tsaya a kan cewa ya ci riba, tunda abin da aka ce ya tara a sinimomi ya wuce abin da aka ce an kashe wajen shirya shi. Usman ya ce faɗuwa ce warwas, domin ba a lissafa kuɗin talla ba, ba a cire rabon masu sinima ba. Duk cikinmu babu wanda ya taɓa sayen tikitinsa. A waya muka kalle shi, kwafin da ke da duhu, kan wani mutum yana giftawa a gaban hoton. Duk da haka aka shafe watanni ana abu ɗaya, safe da yamma, sai ka ce gonar gado ake rabawa.

Da yake ƙididdiga na karanta a jami'a, sai aka ce ni zan raba gardama. Na ɗauki abin da muhimmanci fiye da yadda ya kamata. Na yi kwanaki ina karatu, na kuma gano cewa kamfanin ba ya bayyana cikakken abin da ya kashe, alƙaluman da ke yawo kuwa ƙiyasi ne na masu sharhi, kowa da nasa. Na rubuta musu cewa ba za a iya yanke hukunci da tabbaci ba. Aka yi mini dariya. Wani ya tambaya ko abin da aka tura ni jami'a in koyo ke nan.

A nan na yi laifin. Na gaji, kuma raina ya sosu. Na rubuta cewa Yaya Bashir ya taɓa faɗa mini duk labarin da ya ƙare a bar shi ya huta, masu tono shi kuɗi suke nema kuma ba za su samu ba. Bai taɓa faɗa mini haka ba. Ni na ƙaga, ina zaton idan suka ji sunansa kowa zai yi shiru. Usman ya ɗauki maganar ya riƙa maimaita ta ga Sani, yana cewa ko marigayi yana bayansa. Bayan kwana uku Sani ya fita daga guruf ɗin. Na ga fitarsa, na kuma yi shiru har wata huɗu, ina gaya wa kaina abin zai wuce.

Bana, da makon ya zagayo, Usman ya zo shi kaɗai a motar haya. Inna ta fito da kwanon fura da ludayi biyu, ta duba bayansa, ta ce, "Ina ɗan'uwanka?" Ya ce wataƙila aiki ya riƙe shi. Ba ta ƙara tambaya ba a gabansa. Amma kullum da safe sai ta ce mini, "Aminu, ka dai ji labarin Sani? Ko ba shi da lahiya anka ɓoye mani?"

A rana ta huɗu na tafi Maiyama. Na same shi da hantsi a inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, kusa da sakatariya. Muka gaisa, na ja shi gefe, na karanta masa bayanin ƙaryar da na yi wa Bashir, wanda na rubuto a takarda, don kada in rage wani abu ko in sassauta wa kaina. Ya bari har na gama.

"To, malam ɗan boko, ka ƙare?" in ji shi. "Ai tun ranar na san ba maganatai ba ce."

Na ce, "Yaya Sani, ta yaya?"

"Bashir ba ya yanke ma fim hukunci bai gani ba. Kai ba ka lura ba ne. In Bature ya yi magana bai gane ba, tsayar da fim ɗin shika yi, shi ce nan ban ji ba. Mu yi ta mai tsiya, mu ce ƙago wani abu mana, wa za ya kama ka? Shi ƙiya. Wanga mutum ne za ya san ribar fim ɗin da ba a yi ba tukuna?" Ya goge madubin babur ɗinsa da hannun riga. "Kai yaro ne, ka gaji ka yi shirme. Usman fa? Benci guda munka zauna. Ya sani sarai, ya ɗauka ya buge ni da ita. Shi ne ya yi mani ciwo."

Na gaya masa Inna tana tambayarsa kullum. Sai ya ce in koma, yana da fasinja.

A irin wannan rubutu na tunawa, an saba marubuci ya faɗi abin da mamaci zai ce da ya ga yau. Ni na riga na gwada sau ɗaya, na ga abin da ya haifar. Ban san ko Bashir zai so sabon fim ɗin ba. Ban san ko zai shiga gardamar riba ba, ko zai yi musu dariya. Shagonsa yanzu wani ke sayar da takin zamani a ciki, kuma mutane sun daina taruwa su kalli abu ɗaya tare. Abin da zan iya shaida a kai kaɗan ne: bayan shekara shida, akwai mutanen da suka san shi sanin da ba za a iya yi musu ƙarya da sunansa ba, kuma ƙaninsa na ciki ɗaya bai kai su saninsa ba. Wannan ya fi mini nauyi, amma ina ganin shi ne abin da ya rage mana daga gare shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Na rubuta gyara a guruf ɗin a ranar da na dawo. Usman ya amsa da layi ɗaya, cewa ko marigayi bai faɗa ba, fim ɗin dai ya faɗi. Har yau shi da Sani ba sa magana, kuma ban san ko baɗi za su hau babur ɗaya ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan zuwana Maiyama, bayan an sauko masallaci, muka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Sani ne, shi kaɗai, da ƙullin goro a leda. Ya durƙusa ya gaida Inna, suka yi wa Bashir addu'ar samun rahama, muka shafa. Sai ta ce, "Mi ya tsai da kai bana, ɗana?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Babur ɗin ne ya lalace, Inna. Sai jiya anka gyara."

Ina zaune a gefen tabarma, na san ba haka ba ne. Ban gyara masa ba. Na tashi na ɗauko masa ludayi.