Ƙarfen da Bai Gama Gumi Ba

Ƙarfen yana gumi, kuma ban ga wanda ya lura ba sai mai waldar. Da harshen wutar gas ya lashi shasin motarmu inda ya tsage, sai danshi ya tsattsafo.

Dattijo ne siriri, girarsa duk ta babbake, yana durƙushe cikin laka dab da shingen kwastan na Jibiya. Yana yawo da wutar a hankali, can ya tofa yawu a kan ƙarfen ya kasa kunne. Ina jin ya taɓa ganin walda ta saki a kan hanya, don ba a koyon irin wannan haƙuri a banza.

"Baba Maharazu, liƙa mana haka nan!" in ji direban. "'Yan duwan, kwastan na tsallaken iyaka, za su tashi aiki, ga siminti, ga mutum ashirin a sama."

"Bai ɗau zafi ba, Lawwali. Ƙarfe mai kauri, in an liƙe shi da sanyi, ta ciki yake tsagewa."

"Maraɗi za mu fa, ba Makka ba!"

Fasinjoji suna dariya. Tsohon ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya kashe gas, ya ɗauki sandar walda.

Da ya gama, ya wanke hannu da buta, ya sa aka sauko da buhun geron da ya aza a motar don a kai wa ɗiyarsa.