Malam da Kiɗan Bokiti

Da damanar bana, shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Hamadu, manomin auduga a gefen Ngong. Ban ɗauki alƙalami don in sa kowa kuka ba. Mutum ne mai barkwanci, kuma da dariya nake tuna shi.

Famfon feshinsa irin mai batir ne, doguwar sanda da ɗan faifai a kai yana juyawa, yana watsa magani kamar yayyafi. Malam yakan ce duk sirrin abin a ƙafa yake: ka yi sauri tsutsa ta tsira, ka yi nawa ka ɓarnatar da magani. Yau jikokinsa mai inji suke goyawa, yana ruri kamar babur. Da zai gan su suna tsere tsakanin kunyoyi, na san hula zai cire ya bi su da ita.

Wata shekara ya faɗo daga keke ya karye a ƙafa, daidai lokacin da tsutsa ta afka wa audugarmu. Kowa na fama da tasa gonar. In aka ƙara kwana uku, noman shekarar ya tafi. Na ce ni zan yi feshin.

"Ke, Maman Asabe? Ke da kike tafiya kamar an biyo ki?"

"To Malam, tashi ka yi."

Washegari da safe aka kai shi gona a amalanke. Ya sa na zura takalmansa na roba, na ɗaure hanci da baki, ya watsa ƙasa sama ya ga inda iska ta nufa. Sannan ya kife bokiti yana bugawa da sanda, kowane bugu taku ɗaya. Da na ɗan ƙara sauri sai in ji ihu: "A hankali! Ba gobara za ki kashe ba!" Maƙwabciyar gonarmu, Marta, ta ajiye fartanya, ita da ƙannenta suka kama tafi. Kunya kamar in nutse, amma ban tsaya ba sai da na kai ƙarshen gona.

Audugar ta tsira, ta yi fari fat. Malam ya yi wata guda yana faɗa wa mutane shi ya yi feshin, da hannu.

Famfon ya daɗe da lalacewa, gonar ma yara ke nomawa. Amma kwanan baya a kasuwar Garwa wata mai tumatir ta ce mini, "Hajiya, tafiyarki da natsuwa, kamar mai bin kiɗa." Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce mata ai kiɗan nake bi, makaɗin ne ya riga ni gaba. Allah Ya jiƙan Malam.