Rigar Sallar Baba da Ba Ta Taɓa Yi Masa Daidai Ba

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina a harkar sa kaya, akwai wani abu a gidanmu da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Mahaifina gajere ne, shi ma bai taɓa musun haka ba. Hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma mutum ne mai tsafta ƙwarai. Kaftanin da yake fita da shi kullum daidai jikinsa yake, hannu bai wuce ba, wando bai taɓa ƙasa ba. Amma da zarar an ce kayan Sallah, sai labari ya sauya. Babbar rigar ta yi masa tsawo har tana sharar ƙasa, hannun 'yar cikin ya rufe masa yatsu, wandon kuwa sai ya naɗe shi a ƙugu kafin ya iya takawa. Haka zai tafi Idi yana tattare riga kamar mai tsallaka ruwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, tela ɗaya ne yake ɗinka duka, wani dattijo a unguwar Ƙofar Kware, nan cikin Sakkwato. Ta yaya mutumin da ya iya awon kayan zuwa kasuwa zai manta awo duk ranar da aka kai masa shaddar Sallah? Kuma kowace shekara Baba zai yi ta faɗa, yana cewa telan nan ya gama tsufa, amma baɗi shi zai sake kai wa. Na taɓa tambayar telan. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce yadda aka ce ya yi haka yake yi, ya ci gaba da taka kekensa.

Ni kuwa a lokacin babu yayin da yake wuce ni. Shekarar da aka koma wando mai tsuke ƙafa, ina cikin na farko a unguwarmu. Da aka bar aikin wuya mai yawa aka koma ɗan siriri, na bi. Idan zafi ya shigo na koma yadi marar nauyi mai haske, idan sanyi ya zo na fito da shadda mai kauri. Hula kuwa sai na tsaya gaban madubi ina gyara karinta har mahaifiyata ta ce ko ango bai kai ni ba. A ganina a lokacin, sa kaya shi ne kaya su zauna a jiki. Saboda haka duk Sallah kunya nake ji in jera da Baba, musamman da wani abokina ya taɓa tambayata ko aron rigar yake yi.

Wata shekara, azumi ya kai tsakiya, Baba ya miƙo mini shaddarsa ruwan madara ya ce in kai Ƙofar Kware. Na karɓa, na faki idonsa na ɗauki kaftani ɗaya cikin na kasuwarsa, na wuce unguwar Gidan Dare wajen nawa telan. Na ce masa ga awo nan, kada ya ƙara kada ya rage, kuma ya yi aiki irin wanda ake yayi bana. Na dawo gida ina jin na yi abin kirki.

Ana jibi Sallah na kawo kayan, an buge su suna ta ƙyalli. Baba ya sa. Wallahi ban taɓa ganin ya yi kyau irin na ranar ba, rigar ta tsaya masa a daidai idon sawu, kafaɗa ta zauna. Sai dai shi ba madubi ya duba ba, ƙasan rigar ya tsura wa ido.

Ya ce, "Wa yaɗ ɗumka wagga?"

Na ce, "Telana na, Baba. Na ga wancan kullum ɓata maka shi kai."

Ya sake duban ƙasan rigar. Daga baya ya ce, "Ta yi kyau. Allah shi yi maka albarka." Ya tuɓe, ya ninke, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Na rasa gane kansa, sai na bi mahaifiyata madafa inda take suyar cincin. Tun kafin in buɗe baki ta ce, "Kai dai ka cika shisshigi. Wa yac ce maka rigar tashi ta?"

A nan ta warware mini. Baba yana da wa a Wamakko, muna ce masa Bappa, dogo ne siriri, manomin shinkafa. Shi ya riƙe Baba bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sayar da amfanin gonarsa ya ba shi jarin farko. Da kasuwa ta buɗe wa Baba, noma kuma ya riƙa yi wa Bappa gardama, sai wata Sallah Baba ya kai masa sabuwar shadda. Bappa ya mayar da ita a ledarta, ya ce bai kai lalacewar da ƙanensa zai tufatar da shi ba. Tun daga nan Baba ya sami dabara. Yakan sa a ɗinka kayan Sallah da awon Bappa, ya sa su ranar Idi kawai, washegari ya tafi Wamakko gaisuwa yana faɗan tela, ya roƙi wansa ya taimaka ya raba shi da su.

Ta juya cincin ɗinta ta ƙara da cewa, "Kuma ka san ɗaurin auren ɗiyar Bappa sati biyu bayan Sallah. Da wagga riga za shi zamna gaban mutane. Yanzu sai ka hwaɗa mani mi za a kai mishi."

Na zaga teloli a ranar, amma wanda ya san Sakkwato ana jibi Sallah ya san ko gaisuwa tela ba ya amsawa da kyau, balle ya karɓi babbar riga. A filin Idi kowa ya ga Baba sai ya yaba, har abokin nan nawa ya ce bana tsoho ya fi ni. Baba yana amsawa da murmushi, amma ni na san hankalinsa ba ya wurin.

Washegari muka tafi Wamakko. Kullum Baba da ƙunshin riga yake shiga gidan, ranar kuwa daga goro sai cincin. Muka sami Bappa a zaure cikin rigar bara, an wanke ta an buge, wuyan ya fara kodewa. Aka gaisa, aka yi barka da Sallah, aka taɓa zancen ruwan fadama da shirin biki. Wurin da faɗan tela ya saba shigowa, sai zauren ya yi tsit. Bappa ya dubi rigar da ke jikin Baba tun daga wuya har ƙasa.

Ya ce, "Bana dai tela ya gane ka."

Baba ya ce, "I, Yaya." Ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Ban taɓa jin tausayin mahaifina irin na lokacin ba.

Da za mu tafi, Baba ya shiga cikin gida sallama da mata, Bappa ya riƙe hannuna muka tsaya ƙofar zaure.

Ya ce, "Kai kak kai ɗumkin ga, ko?"

Na amsa da kai.

Ya yi 'yar dariya. "Na sani. Tsohon telan nan bai yin wanga aiki na yara. Ɗana, kana ganin ban san tsawona ba? Riga ta yi shekara da shekaru tana zaka daidai wuyan ƙahwata, in ce kuskure na?"

Na ce, "Ashe ka sani, Bappa? To mi as sa ba ka taɓa hwaɗi ba?"

Ya ce, "In na hwaɗi, ya daina. Ubanka ba shi da wata murnar Sallah da ta wuce shi zaka nan shina hwaɗan tela. Ni na ƙi amsa sau guda, don zuciya, na kuwa ga abin da ƙin ya yi mishi. Ka bar shi da telanai. Kuma kada ka ce mun yi wagga magana."

Muka kama hanyar dawowa. Abin yana ta yi mini yawo a kai: ashe mutum biyu ne suke ɓoye wa juna abu guda, kowa yana tsaron mutuncin ɗan'uwansa, ni kuma na shigo tsakiya da tef ɗin awo.

Ina da wata shadda fara da na ajiye don babbar Sallah. Da gari ya waye na kai ta Ƙofar Kware, lokacin teloli sun sami sarari. Na ce wa dattijon ta Baba ce, awon da aka saba. Bai tambaye ni komai ba. Da ta fito na kai wa Baba na ce ga wata, amma ina jin an sake ɓata ta. Ya ɗaga ta, ya ga yadda ta zube har ƙasa, ya dube ni. Sai ya ce, "Wanga tela dai ba shi jin magana."

Ya sa ta Juma'a ɗaya, yana tattarewa yana tuntuɓe, ranar Asabar muka nufi Wamakko. Tun daga ƙofar zaure ya fara faɗa. Bappa ya karɓa yana ɓata rai, yana cewa wannan ne na ƙarshe, shi ba wurin zubar da kuskuren tela ba ne. Da ita ya zauna ranar ɗaurin auren, fara tas, daidai tsawonsa.

Har yau ina son kaya masu kyau, kuma ban daina leƙen abin da ake yayi ba, kada ku ɗauka na tuba. Sai dai na rage saurin yanke wa mutum hukunci da tsawon wandonsa. In na ga dattijo cikin rigar da ba ta zauna masa ba, sai in kama kaina ina tunanin ko waye mai ita na gaskiya. A duk shekarun da nake jin kunyar jerawa da Baba, shi ya fi kowa sanin abin da ya sa a jikinsa da dalilin sa shi.

Bappa ya rasu shekaru kaɗan bayan haka, Allah ya jiƙansa. Sallar da ta biyo baya telan ya aiko a tambayi Baba ko yanzu a rage tsawon. Baba ya ce a bar shi yadda aka saba. Har yanzu haka yake zuwa Idi, rigar tana jan ƙasa, ba kuma inda zai kai ta washegari. Ni nake bin bayansa ina ɗage masa gefenta.