Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Yatsu uku ne a hannuna na dama. Biyun sun tafi ranar da muka gudo daga bakin tafki, ranar da Baba bai fito ba. Ba zan yi maganar ranar ba. Na sauka Nguru, na samu aikin ɗaure kwalayen banda a kasuwar kifi. Inna ta zauna Gashua wajen ƙanwata.

A kasuwar na fara harkar 'yan mutanen roba. Wani mai gwanjo ya kwance dila, sai ga sojojin roba na wasan yara sun zubo, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ya ce in kwashe, na kwashe. Ba na son ganin bindiga ko ta roba ce, don haka na sa reza na yanke ta farko. Da na yanke, sai sojan ya tsaya hannu a miƙe kamar mai jiran a ɗora masa kaya. Na ɗora masa kwalin ashana. Ya zama ɗan dako.

Daga nan abin ya kama ni. Fenti nakan roƙi ragowar gwangwani wajen masu fentin keke. Burushi kuwa gashin jelar akuya ne, in ɗaure shi da zare a kan tsinken tsintsiya. Fuska ba na zanawa. Limamin unguwarmu ya ce in bar ta a shafe, na bari. Soja ya koma mai shayi, soja ya koma makiyayi da sanda a wuya, soja ya koma mai awon gero. Ina jera su a kan katako a bakin rumfa. Direbobi su tsaya, fatake su tsaya, a yi ta nuni ana dariya. Ba na sayarwa. Abin da nake so shi ne tsayuwar nan da suke yi. A duk Nguru ni kaɗai ne.

Mijin ƙanwata tela ne a Gashua. Ya zo sayen yadi, ya biyo ya gaishe ni, ya daɗe a tsugune gaban katakon.

"Yaya, sam mini uku in gwada."

Na ba shi biyar. Har da burushi na haɗa masa. Ban ɗauka zai yi komai ba.

Ba a yi wata biyu ba wani direban hanyar Gashua ya miƙo mini wayarsa. Hoton mai kayan koli ne, ɗan mitsitsi, da riga ta yadi na gaske, da aljihu, har da aiki a wuya. Shi ma ba fuska, amma kana gani ka san mutumin nan ya gaji da rana.

"Surukinka ne ya yi," in ji direban. "Kai kuwa naka kamar an tsoma su a miya an tsamo."

Aka yi dariya. Na ci gaba da ɗaure kwali. Ranar na tsinke igiya sau uku.

Yatsunsa goma ne, kuma sun saba da allura. Shekara huɗu na yi kafin hannuna ya daina rawa a kan 'yar hula. Shi wata biyu. Masu tsayawa gaban katakona suka ci gaba da tsayawa, sai dai yanzu kowa na da abin faɗa: ka ga na Gashua kuwa?

Idon Inna ya yi rauni sosai, da hannu take gani. Ba mu da hoton Baba ko ɗaya, duk sun ƙone da gidanmu. Wata rana ta shafa makiyayin da tela ya yi, ta ce da za a yi mata babanmu kwance a kan gora cikin ruwa yana jan homa, ragarsa ta kamun kifi, da ta gode. Ƙanwata ce ta kira ni ta gaya mini. Abin da ba su sani ba, na daɗe ina gwada shi a ɓoye. Ni na bi Baba ruwa shekara ashirin. Tela ko ganinsa bai taɓa yi ba.

Sai ga tela a Nguru.

"Yaya, roba mai tauri ba ta kwanciya a kan gora, karyewa take. Ko kana da mai laushi?"

Ina da biyu, irin masu lanƙwasuwa. Kuma na san halinsu, don sun taɓa cinye mini aikin mako guda. Fentin mai ba ya bushewa a kan roba mai laushi. Ko shekara zai yi, danƙo zai ci gaba da yi. Sai an wanke ta da omo, an shafa mata gam ɗin kafinta sau biyu, ta bushe a inuwa, sannan fenti ya zauna. Tela bai san wannan ba, don shi da yadi yake rufe nasa, fentinsa kaɗan ne. Masunci kuwa ba shi da riga. Jikinsa duk fenti ne.

Na miƙa masa ɗaya.

"Haka zan shafa kai tsaye, kamar sauran?"

"Kamar sauran," na ce.

Ya yi godiya har da rusunawa. Ya bar mini ƙullin barkono.

Da ƙaramar salla na je Gashua da nawa masuncin a aljihu. Bayan an sauko idi muka zauna da Inna a tabarma ƙarƙashin darbejiya. Na fara ba ta nawa. Ya bushe ƙarau, ba inda ya yi tabo. Ta juya shi, ta shafa goran, ta shafa bayan.

"Masunci ne," ta ce. "Allah ya yi albarka."

Ta ajiye.

Tela ya miƙa nasa yana ba da haƙuri, wai mako uku ke nan fentin ya ƙi bushewa, ya sa a rana, ya sa gaban fanka, a banza. Inna ba ta saurare shi ba. Yatsanta ya bi wuyan, ya gangara, ya tsaya a kafaɗar hagu. Kafaɗar ta sauka ƙasa da ta dama.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"Ke, Inna. Kin ce kwale-kwale ya taɓa danne shi. Da dutsen guga na gasa robar na lanƙwasa."

Ta riƙe shi da hannu biyu. Ni da na yi shekara ashirin ina kallon kafaɗar nan daga baya, na manta da ita. Shi ya ji sau ɗaya ya riƙe.

Ƙanwata ta lura da yatsun Inna sun yi baƙi.

"Kai tela, rini ka kawo mata ko tsaraba? Yaya, kai ne babba a harkar, me ya sa yake haka?"

"Zafi ne," na ce.

Na ci tuwon salla, na hau mota. A hanya na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba.

Bayan wata guda na koma. Inna ta sa aka ɗauko kwallarta, ta fito da masuncin tela a naɗe cikin ƙyalle. Ƙyallen ya manne, sai da ta ɓamɓare. Zare ya liƙe a bayansa, yashi ya liƙe, har da fiffiken ƙuda. Inda take yawan shafawa, wato kafaɗar, fentin ya kwashe, koren roba na soja ya fito. Ita ba ta ganin wannan. Ta shafa, ta murza yatsunta, ta ce,

"Babanku har yanzu gumi yake yi. Kullum ina share masa, ba ya tsayawa."

Ta kai bakin zanenta tana goge shi a hankali.

Na tashi na tafi shagon tela. Yana kan keke yana ɗinki.

"Gam ake fara shafawa," na ce. "Na kafinta. Sau biyu. In ba haka ba, ba zai taɓa bushewa ba."

Ƙafarsa ta tsaya.

"Yaushe ka gano?"

"Tun kafin ka zo."

Ya cire zaren da ke bakinsa.

"Don me, Yaya?"

"Naka ya fi nawa."

"Da ka ce in bari, wallahi da na bari. Babanka ne."

"Da ka bari, da ba ta samu kafaɗar ba."

Ya koma ɗinkinsa. Ya gama hannun riga guda, ni kuma ban tafi ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "To, sarkin gam. Je ka karɓo shi wajenta, in ka iya. Ni ba zan iya ba."

Ƙanwata ce ta karɓo, ta ce wa Inna wanka za a yi masa. Inna ta ce a dawo da shi kafin la'asar. Kwana uku ya yi. Na wanke fentin da kananzir, na wanke kananzir da omo, na shafa gam, na jira, na sake shafawa. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin wannan ba. Na bar wa Inna nawa ta riƙe kafin nan. Da na leƙa, yana gefen tabarma inda na ajiye shi.

Tela ya yi fentin ina zaune ina kallo. Da burushin da na ba shi ya yi. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Na so in kawar da kai, na kasa.

Washegari ya bushe. Inna ta shafa, ta murza yatsu, ba komai.

"Ya huta," ta ce.

Tela bai gaya wa ƙanwata ba, bai gaya wa Inna ba. In mata sun zo gaisuwa, Inna takan fito da shi ta ce aikin surukinta ne. Gaskiya ta faɗa. Gam ba a ganinsa.

Yanzu duk roba mai laushi da ya samu, direba yake ba wa ya kawo mini Nguru, in shafa gam in mayar. Nawa masuncin yana kan katako. Na gasa kafaɗarsa a bakin murhun mai shayi don ta sauka, ta wuce inda nake so. Direban nan ya gani ya tambaya ko mota ce ta buge shi. Har yau in aka miƙo mini waya aka ce in ga na Gashua, ba na ƙi. Ina karɓa in duba.