Ozella da Katantanwar Tafki na Tara

Goggona Ozella Batts ta shekara ashirin da biyu tana ciyar da tarwada a gonar kifin Hollis Yarbrough, kusa da garin Belzoni a jihar Mississippi. A filin nan ta tsinci auduga tana budurwa, tun kafin a haƙa tafkunan. Gajeriya ce mai kaifin baki, ba ta ce wa kowa yallaɓai sai da gatse.

A bazarar 1999 kifin tafki na tara suka daina ci. Ƙananan suka riƙa tasowa matattu, da ƙuraje wajen wutsiya. Yarbrough ya tara ma'aikata, ya ce Goggo ce ta bari abincin kifin ya yi fumfuna, ya karɓe makullin taraktar da take aiki da ita, ya kore ta a gaban kowa.

Ba ta roƙe shi ba. Ta san a tafkin nan tsuntsayen kwasakwasa suka yi ta sauka duk lokacin sanyi, ta kuma ga yadda katantanwa suka cika ciyawar gaɓa. Ta tsinto su, ta zuba a kwalaben jam da ruwa mai kyau, ta jera a tagar kicin inda rana ke bugawa. Kafin azahar ruwan ya cika da wasu mitsi-mitsin abubuwa masu wutsiya, suna ta wutsil-wutsil.

Ni na kai ta wurin wata likitar kifi. Matar ta ce tsutsa ce. Ƙwanta na faɗawa ruwa cikin kashin tsuntsu, ya ƙyanƙyashe, ɗan ya huda jikin katantanwa ya zauna. A ciki yake hayayyafa, ɗaya ya zama dubbai, su fito su shige fatar kifi, tsuntsu ya haɗiye kifin, a koma farko.

Ranar Litinin Goggo ta tarar da Yarbrough a ofis yana cin wake da burodin masara. Ta dire kwalba kusa da farantinsa.

"Ga fumfunar tawa, yallaɓai. Sa tabarau, tana iyo."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya tura mata makullin, ya ce ta koma aiki, magana ta wuce.

"A gaban mutum goma sha ɗaya ka kore ni," in ji ta. "Tara su, ka faɗi abin da ka gani."

Ya ƙi. Ita ma ta bar masa makullinsa, ta kama aiki a gonar maƙwabcinsa, inda ta sa aka nome ciyawar gaɓa aka barbaɗa farar ƙasa don kashe katantanwa. Da ciwon ya ci wa Yarbrough tafki biyu, ya turo a tambaye ta ma'aunin farar ƙasar. Ta faɗa tsaf, ta ce kifin ba su yi mata laifi ba.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a can kafin gwiwoyi su zaunar da ita. Yanzu tana Greenwood wurin 'yarta, kullum cikin faɗa da jikoki kan yawan gishiri a miya.